Misalin Babi na Shida

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke kuma wa ya koro ki da tsakar rana haka?"

Tsohon bai ɗago daga kan kwamfuta ba da ya faɗi haka. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana yawon kamfanoni. Manhaja ta rikice, a kira shi, ya duba, ya ba da shawara, ya ɗauki jakarsa ya ƙara gaba. Da ƙafa ta gaji sai ya zauna gida yana sharhin littattafan koyon rubuta manhaja a shafinsa na intanet. Marubuta na shakkarsa, don ba ya cewa uffan a kan littafi sai ya buga kowane misali da yatsunsa ya ga ya yi aiki. Yau littafin da ke gabansa na jikarsa ne, na farko da ta rubuta. Maɗaba'a ta ce gobe da safe za a buga, da kalamansa a bangon littafin ko babu su.

Jikar ta ture wasu littattafai daga kan benci ta zauna.

"Na zo ganin ko angona yana da rai. Mako uku, littafi mai shafi ɗari biyu! Ko da hanci kake bugawa?"

"Da yatsa biyu nake bugawa, amarya. Su ne suka yi wa uwarki kayan ɗaki."

"Shi ya sa gadon ya karye tun kafin a haife ni."

"Nauyin surutun da za ki zo da shi ya hango."

"Kaka, bar wasa. Ka gama?"

Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, a hankali, kamar an ba shi yini guda don wannan aikin. Ya ga yadda take murza zoben hannunta. Haka take yi tun tana ƙarama idan za a duba sakamakon jarrabawa.

"Babi biyar na farko ba laifi," ya ce. "Har na yi zargin wani kika ɗauka haya."

"Na gode da zagin. Na shida fa?"

"Na shida ya mutu. Na yi masa wanka."

"Kwamfutarka ce ta mutu! Wannan akwatin da idan an kunna sai an je an yi alwala an dawo kafin ta buɗe ido."

"Tana girmama mai ita ne. Ba ta son ta riga ni."

"Me ya same shi?"

"Misalin nan mai lissafa ranakun hutun ma'aikata. Na ba shi ashirin da tara ga Fabrairu, ya kalle ni, ya ce bai san da wannan rana ba a duniya. Ma'aikaci ya tafi hutu ranar, har abada bai dawo ba."

Ta daina murza zoben.

"Wa zai gwada wannan ranar in ba kai ba?"

"Wanda ya sha wuyarta. Duk bayan shekara huɗu kamfani uku ke kirana a kan wannan cutar. In je, in tura musu kwanan da hannu, su raka ni har mota suna cewa babu irina. Ga abin da na rubuta, karanta da kanki."

Ta sunkuya kan kwamfutar ta karanta da ƙarfi: "Wanda ya rubuta misalin babi na shida bai taɓa ganin kalanda ba. A karɓe masa kwamfuta, a ba shi tsintsiya."

"Da sauƙi ma," in ji shi. "Don ke ce. Wani na ce a ba shi akuya."

Ta sunkuyar da kai. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Tsohon ya ɗauka kuka ne, ya fara lalubo kalmar lallashi. Ashe dariya ce take dannewa.

"Kaka, ka karanta gabatarwa?"

"Ban taɓa karanta gabatarwar kowa ba. Wurin gode wa mata da 'ya'ya ne."

"To yau karanta. Layi na ƙarshe."

Ya mayar da gilashi, ya buɗo farkon littafin, ya bi layin da yatsa. An rubuta cewa misalin babi na shida ba na marubuciyar ba ne. Daga tsohon kundin kakanta ta kwafo shi, harafi da harafi, don da shi ya fara koya mata aikin tana shekara goma sha biyu.

Ya daɗe a kan layin nan fiye da yadda tsawonsa ya buƙata.

"Kamfanonin nan uku," ta ce a hankali, "wa ya rubuta musu manhajar tun farko?"

"Shayin nan ya huce."

"Wa ya rubuta, ango?"

"Wani saurayi ne mai baƙin gashi da yawan cika baki. Ban san inda yake ba yanzu."

"Ka ce su raka ka har mota?"

"Har da buɗe ƙofa. Ɗaya ma ya ba ni lambar yabo, ga ta can a bango." Ya dafe goshi. "Ni kuwa kullum sai in ce musu yaran da suka taɓa aikin bayana ne suka ɓata. An canja yaran sau huɗu, cutar ba ta canja ba, ban taɓa tambayar kaina dalili ba."

Ko bai taɓa tambaya ba ɗin, ko ya tambaya ya yi saurin rufe kundin, wannan shi kaɗai ya sani.

Dariyar ta bar fuskar jikar. Ta jawo bencin kusa da shi.

"Ba wanda ya gani tukuna. In gyara misalin yau, in cire layin nan daga gabatarwa, kai kuma ka goge naka. Sunanka ya zauna yadda yake."

Ya dubi littattafan da ke jere har rufi. Kowanne akwai wanda ya yi shekara yana rubuta shi, shi kuma ya yanka shi da rana ɗaya, bai taɓa goge wa kowa layi ba.

"Wato ki rufa wa mijinki asiri."

"Ba don kai ba. Kunya nake ji a ce na auri wanda bai san kalanda ba."

"Bar gabatarwa yadda take. Nawa ma ya zauna, ko wasali ba zan taɓa ba. Ƙari kawai zan yi." Ya miƙa yatsun nan biyu, yana bugawa yana faɗa: "Mai wannan misali shi ne mai wannan sharhi. Sauran littafin na gwada shi layi-layi, ban sami abin kamawa ba, kuma Allah ya sani na nema. Ku saya."

"A bangon littafin za a sa wannan fa, Kaka. Kamfanonin za su gani."

"Su gani. Su aiko a karɓi lambar, ƙusar ma na bar musu."

Ya dafa tebur ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Ya juya mata kujerarsa.

"Zauna ki gyara kafin maɗaba'a ta rufe. Ni zan riƙe miki littafin. Aikin kwana nawa ne?"

Ta zauna, ta ja madannan gabanta, ta duba misalin sau ɗaya.

"Layi biyu ne."

"Layi biyu," ya maimaita. Sai dariya ta ƙwace masa, har ya nemi bango ya jingina. "Shekara ashirin ina cin tuwon layi biyu! Buga a hankali, amarya, don Allah. Ko yi kamar kina tunani."