Kaset Kaset Ne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Yaya Hauwa ɗakin mijinta ba, kuma ba don shinkafar biki ba ne. Ranar ce na zauna a ɗakin Baba a unguwarmu ta Makera, gaban gwaggonnina, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in ɗan koma baya. Innarmu ta rasu ina firamare. Da ciwo ya tsananta, ta sa Baba ya kawo mata rakodarsa, ta ce a ja mata ƙofa, ta yi wa Yaya Hauwa nasihar aure a kaset, don jikinta ya ba ta ba za ta ga ranar ba. Ta ce kada a kunna sai ranar kai amarya, kuma ko Baba bai saɓa ba. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan. Ni duk zatona kaset ɗin yana kulle a akwatin ƙarfen Baba.

Shekarar da na shiga sakandare, Kawu Sani, ƙanin Inna mai tuƙa babbar mota zuwa Legas, ya kawo min wata tsohuwar na'urar wasa, irin wadda ake jonawa da talabijin. Sandar sarrafawa ɗaya gare ta da jan maɓalli. Wasanninta cikin wani baƙin abu mai kauri kamar sabulun wanki suke zuwa, a cusa ta sama, kuma kowa a unguwa kaset yake ce masa. Ɗaya daga ciki an ciro shi ne daga wani fim da ya haukata yaran unguwarmu da na Kakuri maƙwabciyarta a lokacin, na wani jarumi mai babur da ke tsallake motoci. A jikin kwali ga shi nan da hular kwano, wuta na ci a bayansa. A talabijin kuwa, wani ɗan dunƙule ne a kan ɗigo biyu, yana tafe yana "bib, bib". (Duk da haka ji nake babu ya ni a Makera.)

Ana nan sai Yohanna, abokina na aji, ya ja ni gidansu a unguwar Sabon Tasha. Yayansa ya dawo daga karatu a Turai da tasu na'urar, mai maɓallai kamar tafireta. Fim ɗaya, hoton kwali ɗaya, amma nasu babur ne sosai, taya na juyawa, hayaƙi na tashi, har da kiɗan fim ɗin. Wurin da jarumin ke tsallake jirgin ƙasa ma akwai shi. Namu hanya ce kawai miƙe, ba ta ƙarewa. Abin da ya fi ɗaure min kai, wasansu a kaset ɗin rediyo yake, irin na waƙa. Sai a sa shi a rakoda ya yi ta tsuwa kamar an take wutsiyar kyanwa, can sai wasa ya fito.

Na ce, "Yohanna, ka ɗaukar min a wani kaset mana. Ai babanku yana da rakoda mai baki biyu."

Ya ce, "O boy, ba zai yi a naku ba fa. Injin ba ɗaya ba ne."

"Kai dai ɗaukar min. Kaset kaset ne."

(Da irin wannan ilimin nake taƙama a aji.)

Na binciki durowar Baba inda yake tara kaset-kaset na karatu da wa'azi. Kowanne da rubutu a jikinsa, sai guda ɗaya can ƙurya, fari tas, ko ɗigon biro babu. Na ce Allah ya ba ni sabo. Yohanna ya ɗora min wasan, na dawo gida ina tsalle. Na cusa shi a na'urarmu ta tsaye, ya ƙi. Na juya ta kwance, ya ƙi. Na danna da ƙarfi har gefensa ya ɓalle. Da na gaji, na mayar da shi inda na ɗauko, na koma wa ɗan dunƙulena, na manta da zancen.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, Baba ya ce 'yan gida su shigo. Yaya Hauwa ta zauna gabansa lulluɓe, Gwaggo Asabe, yayar Baba, na riƙe da kafaɗarta. Ina jiran in ga ya jawo akwatin ƙarfe. Sai ya buɗe durowa, ya miƙa hannu can ƙurya, ya fito da farin kaset mai ɓallen gefe.

Nan take na gane shi.

Baba ya ce, "Hauwa, ga amanar mahaifiyarki." Ya yi bismilla ya danna.

Tsuwar nan ta cika ɗaki. Gwaggo Asabe ta zabura tana salati. Baba ya fitar da kaset ɗin, ya hura, ya mayar. Tsuwa ta ci gaba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, wasan babur ne. Na zaci babu komai a ciki."

Babu wanda ya zage ni, kuma wallahi da duka aka yi min da ya fi min sauƙi. Baba ya dube ni ya ce a hankali, "Ban rubuta komai a jiki ba ne don na san ba zan manta shi ba." Yaya Hauwa kuwa kuka take ba sauti, mayafinta kawai ke motsi. Babu wanda ya iya kai hannu ya kashe rakodar, haka muka zauna muna sauraron baburin Yohanna yana cinye maganar Inna.

Can tsuwar ta yanke. Sai ga muryar Inna, siririya, a gajiye, kamar tana bayan labule.

"...to, shi ke nan abin da zan ce miki. Sai ƙaninki, ki riƙa sa masa ido don Allah, kin san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya."

Gwaggo Asabe ce ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kowa ya kama. Yaya Hauwa ta jawo ni cikin mayafinta, ta murɗe min kunne, ta ƙi saki.

Da wannan kaɗai ta tafi gidan miji. Har gobe in ta kira ni, kafin gaisuwa sai ta ce, "Ina hannunka yake?" Ni kuwa na koyi darasina: in na ga abu babu rubutu a jiki, tambaya nake yi. Kuma har yau ba a haifi wanda zai sake jin na ce kaset kaset ne ba.