Baƙaƙen Maɓallai Huɗu

Shekara shida na yi a waje ina koyon yadda ake tambayar mutane abin da suke jin kunyar faɗa. An koya mana cewa in ka tsare mutum da ido, amsar da za ta faranta maka rai zai ba ka. In ka ɓoye sunansa, sai ya faɗi gaskiya. Na ci jarrabawa a kan haka, amma zuciyata ba ta taɓa gamsuwa ba. Ashe gwajin yana jirana a gida. Kakata tana da hawan jini. Ta rantse wa likita kullum tana shan maganinta, jinin kuma ya ƙi sauka, sai ya ce ranar Alhamis zai ninka mata ƙwayar. In ba gaskiya ta faɗa ba, ninkin nan zai iya kwantar da ita.

Na same ta a kan keken ɗinki, ƙawayenta uku suna hira a tabarma: tsohuwar ungozoma, mai kitso da maƙwabciyarmu.

"Lafiya lau, Bature," in ji Kaka. "Ka shigo da takardu kamar mai raba sammaci."

"Ke na zo kamawa, amarya. Kina shan maganinki kullum?"

"Kullum! Na fi likitan sanin lokacinsa."

"Kalle ni ki faɗa."

"In kalli me? Shekara shida kana cin abincin Turawa, ka dawo wando yana neman tserewa daga ƙugunka."

"Ni dai haƙorana cikakku ne. Naki uku suka rage, su ma kowanne ya kama unguwarsa."

"Da ukun nan na tauna maka nama kana jariri, marar kunya."

Na ɗauko gwangwanin maɓallanta, na zazzage shi, na huda murfin. Na ce zan juya baya: farin maɓalli na nufin tana sha kullum, baƙi na nufin tana tsallakewa.

"Wannan ne ilimin da aka tura ka nema? Ni kaɗai zan saka, kai kaɗai za ka buɗe, sannan ka ce asiri ne? Ko akuya ba za ta yarda ba."

Gaskiyarta, kuma na ji kunya. Sai ta juya wajen ƙawayenta.

"Ku taso, ai duk likita ɗaya ne ya rubuta mana. Mu huɗu za mu saka. In ya ga baƙi, ya je ya nemo mai shi."

Na fuskanci bango. Na ji ƙarar maɓalli sau huɗu, kowace sai ta yi ɗan tari kafin ta saka. Na girgiza gwangwanin, na juye a kan teburin keke.

Huɗu. Duka baƙaƙe.

Sai Kaka ta dafe ƙirji.

"Ungozoma! Ke da kike mana wa'azin magani kullum? Bayan farinki na so in ɓuya!"

"Ni kuma da naki na dogara!" in ji ungozoma. "Ba ke kika rantse wa likita a gabana ba?"

Mai kitso ta kifa kai a cinyar maƙwabciya, dariya ta hana su magana.

"Idona ne, Bature," in ji Kaka. "Na ɗauka fari na ɗauko."

"Ke da kike zura zare a allura ba tabarau?"

"To gwangwanin ne munafuki. Halinka ya ɗauko."

"Amarya, Alhamis jibi ce."

Ta harare ni, sannan ta fashe da dariya har haƙoran nan uku suka bayyana. Ta jawo aljihun keken, ta tono kwalbar magani daga ƙarƙashin ƙyallaye. Ko rabi ba a sha ba.

"Ƙwayar nan zaryar banɗaki take sa ni," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Riga ɗaya sai na tashi sau biyar. In faɗa wa yaron likitan nan haka? Sa'anka ne fa."

"Tare za mu je. Ni zan faɗa, ke ki kalli rufi. Sai ya duba ko akwai wani irin da zai fi miki sauƙi."

"Ka ci wannan karon. Tuɓo wandon in rage maka ƙugu, tukuicinka ke nan, kada ya faɗi a gaban likita ka kunyata ni."

Tana cikin ɗinki na tambaye ta abin da ya dame ni tun ina makaranta.

"Kaka, me ya sa kika faɗa wa gwangwani abin da kika ɓoye wa likita?"

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Gwangwani ba ya sauke tabarau ya ce, 'Haba Mama.'"