Alƙalin Da Ya Yi Kamfe

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka naɗa ni alƙali ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Kabo da Gwarzo ba za su bari ba.

Muna da wani zaure a waya, guruf ne na tambaya da amsa da ya haɗa mutanen ƙananan hukumomin nan biyu. Ya bunƙasa ne lokacin da fetur ya yi tashin gwauron zabi. Abin da a da mutum zai hau babur ya je ya tambayo, sai ya gwammace ya jefa shi zaure: maganin tsutsar masara, rabon gado, zakkar hatsi, ciwon akuya. Duk mako ana ware tambaya ɗaya, ranar Juma'a a zaɓi amsar da ta fi, a kira mai ita Gwarzon Mako. Ba a ba da komai, suna ne kawai. Amma fa mutane suna aiki da amsar da aka zaɓa, don haka abin ba wasa ba ne.

Shugabar zauren Hajiya Saude ce, tsohuwar hedimasta da ta yi ritaya a Gwarzo. Ita da wasu dattawa biyu suke zaɓe. Mace ce mai sanyin murya, amma ba a tanƙwara ta. Mijinta ma yana zauren, yana amsa tambaya ba fashi, bai taɓa ci ba (an ce har yaji ya yi wa guruf ɗin, ya fita, da ya ga ba wanda ya je biko sai ya dawo da kansa).

Ni kuwa malamin makaranta ne a Kabo, kuma ina ji da alƙalamina. Amsata sai an danna "ci gaba" sau da yawa kafin a ga ƙarshenta. Duk da haka ban taɓa zama gwarzo ba. Wani Malam Habu mai kemis daga Jama'a ta Gwarzo shi ke yawan lashewa, da 'yan layukansa gajeru kamar takardar magani. Abin ya tsaya mini a rai. Wata Juma'a da aka sake kiran sunansa, sai na zuba dogon rubutu a kan adalci, da aya da hadisi, na rufe da cewa: "Shin Gwarzon Mako ake zaɓe, ko ɗan Gwarzon mako?" 'Yan Kabo suka yi ta jinjina mini, ni kuma kaina ya kumbura.

Na ɗauka Hajiya za ta yi fushi. Sai ta rubuto: "Malam ya yi magana, kuma abin dubawa ne. Mu mutane ne, zuciya kan karkata ba da sanin mai ita ba. Daga yanzu a turo mini amsa ni kaɗai, in cire suna in sa lamba. Alƙalai uku za su zaɓa, ni ba na ciki. Malam, kai ne na farko."

Kun ga an ba kura ajiyar nama.

Sauran alƙalan biyu su ne abokina Malam Isa daga Gude ta Kabo, da wani dattijo daga Gwarzo. Tambayar makon mai nauyi ce. Wani bawan Allah ya ce shanun yayansa sun shiga gonar maƙwabci sun yi ɓarna, a kan idonsa. Yayan ya musa, mai gona ya ce sai kotun shari'a, kuma ya ambaci sunan mai tambayar a matsayin shaida. Ya faɗi gaskiya ya ɓata da ɗan'uwa, ko ya yi shiru?

Amsoshi suka zo da lambobinsu. Ta uku ta fi kama hankalina. Cewa ta yi kada ya jira kotu. Ya sami yayan su biyu, ya gaya masa a fili cewa in aka rantsar da shi ba zai yi ƙarya ba, sannan ya ja shi su je wurin mai gonar tare da mai unguwa a sasanta tun magana ba ta yi nisa ba. Amsa mai kyau. Amma ba kyanta ne ya sa zuciyata ta buga ba. A ƙarshenta an rubuta "a taƙaice dai". Wannan kuwa bakin aminina ne, Sani na Durun, wanda ko gaisuwa yake yi sai ya ce a taƙaice dai. Na ce a raina, yau Kabo ta samu.

Ranar Alhamis da safe, ina shirin shiga aji, na ɗauko waya na danna saƙon murya zuwa ga Malam Isa. Har da rage murya irin ta masu ƙulla abu. Na ce: "Malam Isa, ka duba ta ukun nan da kyau, tamu ce. Sani ne, na gane hannunsa. Ni da kai mun isa, dattijon nan ƙuri'arsa ɗaya. Wannan karon sai mun karya Habu mai kemis." Na tura, na sa wayar a aljihu, na shiga aji na koyar da darasi a kan riƙon amana (wallahi ba ƙari na yi ba, shi ne a manhaja).

Ina fitowa na ji wayar tana ta rawa. Maiɗakina ce. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baban Khadija, muryarka ce nake ji a zaure?"

Na ce, "Wane zaure?"

Ta ce, "Babban. Yaya ma ya kira ni, yana tambaya ko lafiyarka ƙalau."

Na jingina da bishiyar darbejiya na buɗe. Ashe ba Malam Isa na tura wa ba. Ga saƙona nan zaune daram a tsakiyar guruf, inda limamin unguwarmu yake, da surukina, da shugaban makarantarmu, da iyayen yaran da na gama yi wa wa'azi. Wani ma ya tono tsohon rubutuna na adalci ya liƙa a ƙarƙashinsa, bai ƙara ko kalma ba. Na kai yatsa zan goge, sai na ga gogewar ma wani abin kunyar ne, don wanda bai ji ba sai wanda ba shi da data.

Ana haka Hajiya ta rufe zauren, ba mai iya rubutu sai ita. Sannan ta kira ni. Ta gaishe ni a tsanake, ya iyali, ya ɗalibai, ya muka ji da tsadar nan, ni kuwa ina amsawa kamar mai zazzaɓi.

Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, ki cire ni kawai."

Ta ce, "A'a Malam. In na cire ka, ka huta ke nan, mu kuma mun yi asarar malami. Ƙuri'arka dai na soke ta, na sa wani a madadinka. Zan buɗe zaure bayan azahar, kai za ka fara magana. Ba sai ta yi tsawo ba."

Ita ce amsa mafi gajarta da na taɓa rubutawa: "Na ci amanar da aka ba ni. Ku yafe mini." Hajiya ta biyo baya da cewa wanda ya nemi afuwa an yafe masa, kada a sake tayar da maganar, kuma tsarin cire suna yana nan, domin shawarata ce ta haifar da shi, shawarar kuma mai kyau ce. Ku ji fa. Ina cikin laka, tana neman abin da za ta yabe ni da shi.

Na ɗauka an gama da ni. Ashe da saura. Ranar Juma'a sababbin alƙalai, da babu ni babu Malam Isa (shi ma ya janye don kada a zarge shi, bai ci ba bai sha ba), suka zaɓi amsa ta uku. Hajiya ta bayyana mai ita: Malam Habu mai kemis, daga Jama'a.

Na je wurin Sani ina huci. Ya ce, "Ni? A taƙaice dai, wayata tana wurin mai gyara tun makon jiya. Wace tambaya aka yi?"

Malam Habu kuwa layi ɗaya ya rubuta: "Na gode wa alƙalai, na kuma gode wa Malam, ban taɓa samun mai yi mini kamfe da zuciya ɗaya kamarsa ba." Daga baya na shiga kemis ɗinsa sayen maganin tari, ina sunkuyar da kai. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, muka yi hira a kan tambayar kamar ba abin da ya faru. A bakinsa na ji cewa mai tambayar ya bi shawarar, an zauna gaban mai unguwa an sasanta, ba a je kotu ba.

Har yau ina zauren, ina amsa tambaya, amsoshina sun ɗan rage tsawo. Abin da na koya kuwa biyu ne. Na farko, ka duba sunan da ke sama kafin ka danna waya. Na biyu ya fi zafi: duk ihun da nake yi, ashe ba son kai nake ƙi ba, wanda aka yi ba da ni ba nake ƙi.