Sunan da Biro Ke Jira daga Bakin Zalihatu

Zuwa ga Mai Girma Biron Auna Gaskiyar Shaidu, ofishin da ke ɗakin ƙarshe a barikin Dogon Dutsi, mai kujera ɗaya da tambaya dubu, Allah ya ƙara wa Biro gani.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da tambayar lafiyar Mushe, Bature mai tambaya, da tafintansa da alƙalaminsa, ni ne Ɗanmalam na Dumega, manomi, wan Zalihatu uwa ɗaya uba ɗaya. Idan Biro ya manta ta saboda yawan aiki, ita ce matar nan da aka yi ta kira kan mutuwar ɗanta na fari a wurin aikin hanyar mota, aka auna maganarta aka ce ba ta cika mudu ba.

Ga yadda abin yake. Da rani aka ɗebi samarin garinmu aikin dole. Abincin ma'aikaci daga gidansu yake zuwa, don haka kullum rana tsaka Zalihatu kan ɗauki ƙwaryar fura ta kai wa ɗanta. Ran nan ya hango ta, ya ajiye kwandon tsakuwa ya nufo ta. Ɗantala, gardin bariki mai jar hula, ya ce ya koma. Bai juya da wuri ba, Ɗantala ya sa masa gindin bindiga a ƙeya, kafin la'asar yaron ya cika. Haka ita ta ce. Ɗantala ya ce zafin rana ne ya kayar da shi. Biro ya saurari duka biyun ya ce rana ce. An kuma sanar da mu ta bakin tafinta cewa in ba ta gyara shaidarta ba a zaman sariya mai zuwa, kaso za a kai ta, wato gidan yari, saboda yi wa ma'aikacin gwamnati ƙazafi.

Ban zo gardama ba. Mu da ba mu shiga lakkwal ba, makarantar Bature, ina mu ina ja da ilmin da aka yo wa dako a jirgin ruwa? An ce a can ƙasar Faransi manyan malamai sun zauna sun gano alamomin maƙaryaci kaf, har ba a bukatar a san mutum kafin a san cikinsa. Ƴan ƙorafe-ƙorafe ne kawai gare ni, na jera su da lamba don na ji an ce Biro ba ya jin maganar da ba ta da lamba.

1. Batun ido. Biro ya rubuta cewa shaida ba ta dubi mai tambaya ba ko sau ɗaya, ƙasa take kallo, kuma wannan alamar mai ɓoye abu ce. Ina neman afuwa a madadin marigayiya mahaifiyarmu, don laifinta ne. Ita ta yi shekaru tana dungurin Zalihatu har ta daina kallon babba cikin ido. Da tsohuwar ta san wannan ilmi na nan tafe, da ta bar ta ta tashi da tsaurin idonta. Na bi garinmu gida gida da wannan ma'auni, mai gaskiya ɗaya na samu, Buba mahaukacin bakin kasuwa, wanda ko sarki ya zo wucewa sai ya ƙura masa ido. In Biro na bukatar shaidu nan gaba, ana samunsa gindin tsamiya.

2. Batun suna. Mushe ya ce ta faɗi sunan mamacin, ta ce "ɗan nan". Ya sake tambaya, ta ce "wanda ya riga mu". Ya bugi tebur, ta yi shiru. Sai aka rubuta cewa macen da ba ta san sunan ɗanta ba, da wuya ta san wanda ya kashe shi. Hujja ce mai ƙarfi, ni kaina na jinjina kai da aka karanta mana. Sai dai a nan Arewa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta kiransa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko yabonsa aka fara sai ta tashi ta ba da wuri. Tun ranar da aka yanka ragonsa har gemu ya fara tsiro masa, in tana so ya zo ya ci abinci, bango take gaya wa cewa tuwo na hucewa, shi kuma ya ji ya zo. Tafinta ya san wannan sarai, don shi ma ɗan fari ne, kuma kowa a Dutsi ya san da "wancan" uwarsa ke kiransa. Ban ga laifinsa ba da ya yi gum. Fassara magana aka ɗauke shi, ba fassara shiru ba.

3. Batun hawaye. An ce idonta a bushe yake, alhali uwa ta gaskiya kuka take yi. Shin Biro zai taimaka ya aiko mana da ma'aunin? Cokali ne ko ludayi? Kuma a gaban wa ake zubarwa kafin su shiga lissafi? Domin kunyar da ta hana ta suna, ita ce ta hana ta kuka gaban baƙo. A gida dai tun ranar ba ta sake dama fura ba, ko warin gero jiƙaƙƙe ta ji sai ta fita bayan gida. In maƙwabciya ta saki taɓarya cikin turmi, zabura take yi ta dafe ƙeya. Na san waɗannan ba ta ido suke fitowa ba, saboda haka ba su da gurbi a takarda. Ɗantala kuwa an ce ya share ido da jar hularsa, Allah ya ba shi haƙurin wannan rashi.

4. Batun jerin labari. A zaman farko ta fara da fura, a na biyu ta fara da hular Ɗantala, a na uku ta fara da ƙudan da ya sauka a leɓen yaron bai kore shi ba. Ba ta tuna ko ranar Talata ce ko Laraba ba, ba ta tuna ko da hannun dama aka ɗaga bindigar ba. Abin da ta riƙe shi ne ƙwaryar ta gangara ta tsaya daidai ƙafar yaron, kuma igiyar takalminsa ɗaya da kaba aka ɗaure ta. Biro ya ce wannan cin karo ne. Labarin Ɗantala kuwa bai taɓa gocewa ba, kalma bayan kalma kamar karatun allo, har inda ya yi tari a zaman farko nan ya yi tari a na uku. Na yarda mai gaskiya kenan. Shawarata ita ce a umarci gardawa, duk lokacin da za su ɗaga bindiga kan ɗan wani gaban uwarsa, su fara sanar da ita ranar da ake ciki da hannun da za a yi aiki da shi, su ɗan dakata ta haddace. Wannan zai rage wa Biro wahala ƙwarai.

5. Batun yadda aka tambaya. Ina yaba wa Biro da ya tsayar da Ɗantala a bayanta, bakin ƙofa, da bindigar nan dai, gindinta na taɓa daɓe lokaci lokaci. Lalle an yi haka ne don ta ji tana cikin tsaro. Ina kuma yaba tambayoyin, kowace ta zo da amsarta a goye. An ce, ba an yi rana sosai ran nan ba? Ta ce an yi. An ce, rana ba ta kan kashe mutum ba? Ta ce in Allah ya so. Aka rubuta cewa shaida ta amsa da bakinta. Sauran ma'aikatan, waɗanda har gobe ƙarƙashin Ɗantala suke ɗaukar tsakuwa, duk sun ce ba su ga komai ba, ƙasa suke kallo, kuma a wannan karo Biro ya yarda da masu kallon ƙasa. Ita rana ba a kira ta ba, ko da yake kullum ta kan bariki take wucewa.

To, da muka ga kaso ya matso, sai muka ce tun da ba a gyara ma'auni, bari mu gyara shaida. Muka kifa tulu kan turmi, muka ɗora masa malafa, ya zama Mushe. Kowace hantsi Zalihatu kan zauna gabansa. Batun ido an samu ci gaba, ta kai wuyan tulun. Batun hawaye maƙwabciyarmu Hure ta ɗauki nauyin albasa. Jerin labari ni na tsara mata shi, na zaɓa mata Talata da hannun dama, ta haddace har tana iya faɗa ba ta san me take faɗa ba, wanda na fahimci shi ne abin da ake so.

Suna ne ya gagara. Hure ta yi lallashi ta gaji, ta ce, "Ke Zalihatu, hwaɗi ki hutas da mu. Kaso ba wurin ɗiya mace na ba, kuma wanga tulu ba shi kai ki ƙara." Zalihatu kuwa ni ta juyo ta ce wa, "Yaya, yana da rai ban kira shi ba. Yanzu da ba shi amsawa, mi za ni kira?" Na duba cikin abin da aka karanta mana a bariki ban samu amsar wannan ba, sai na ce a tashi a sha ruwa.

Jiya ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Da hantsi muka ji daka a ɗakinta. Ta dama fura, ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗauka ta wuce tulun ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya ƙofar gida rana tsaka, ta fuskanci hanyar mota, ta ɗaga murya ta kira sunan, yadda ake kiran wanda ke can ƙarshen gona. Sau ɗaya. Sannan ta tsaya tana jira. Hure ta saki wuƙar albasa, mu duka muka juya muna kallon hanya, har ni da na sa shi a kabari da hannuna. Ba zan ɓoye wa Biro ba, zuciyata ta ƙuna yadda ba ta ƙuna ba ranar jana'iza. Da ta gama jira sai hawaye suka zo, ba cokali ba ba ludayi ba, ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana goye, ta ce, "Na kira. Bai amsa ba. Ba ni sakewa."

Ga ido, ga hawaye, ga suna, duk alamomin gaskiya uku sun haɗu wuri ɗaya, kuma babu Mushe, babu tafinta, babu mai rubutawa sai tulu. Na san wannan sakacinmu ne, ya kamata mu yi tanadin abin har ranar sariya.

Saboda haka a ranar zama za ta zo da ƙafarta, ba sai an aiko gardi ba. Za ta kalli ƙasa, idonta zai kasance a bushe, wataƙila ta fara da ƙuda. In kaso ne hukuncin, mun riga mun naɗe mata tabarma. Roƙona guda ne: tun da a takardar Biro an rubuta "wani ma'aikaci" ne rana ta kashe, shin Biro na karɓar suna ta hanyar wasiƙa, daga bakin kawu, wanda al'ada ba ta hana shi ba? In ana karɓa, a taimaka a cike gurbin. Sunansa Mani.

Allah ya ja zamanin Biro, ya tsare shi daga zafin rana.

Naka mai biyayya, wanda ya rubuta wannan duka kansa a sunkuye,

Ɗanmalam, wan Zalihatu
Dumega