Juyen Farko

"Lafiya lau, Amarya. Ya gajiyar barci? Don na san ita kaɗai ce gajiyar da kike yi a duniya."

Mai Allura ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, ba ta ƙarasa gaisuwar ba. Kakanta ne, Tsoho Direba, zaune dirshan a tsakar gida kusa da sabon babur ɗinta. Ya cusa wata tsohuwar tasa a ƙarƙashin injin, ya baje sifanoninsa a kan buhu kamar mai shirin fiɗa. Yau ce ranar da za ta kai babur ɗin juyen baƙin mai na farko kafin ta wuce asibiti wurin aiki. Dilan da ya sayar mata kuwa ya ja mata kunne: akwai ɗigon jan fenti a kan notin da ake kwancewa a juye mai, in aka kwance shi a waje, garanti ya tashi. Ita kuma babur ɗin nan shi ne ƙafarta.

"Angona, me nake gani haka?"

"Sabis. Kyauta ma, don ke ce."

"Wa ya aike ka?"

"Tausayi. Na ji an ce wurin dila za ki kai shi. Ke sunan kaɗai bai ishe ki gargaɗi ba? Dila fa! A daji ma kowa tsoron wayonsa yake, ke kuma za ki ɗauki jaririn babur ki miƙa masa da hannu biyu."

"Gara dila da tsohuwar kura marar haƙori."

"Marar haƙorin ce ta cinye naman da kika ɓoye jiya."

"Au, ashe kai ne! Ni ina nan ina ta tsine wa kyanwa."

"Tsinuwarki ai ko sauro ba ta kamawa. Matsa ki ba ni haske. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan tirela? Injinan da na kwance na ɗaura, in aka jera su, sai ki je asibiti ba ki taka ƙasa ba."

"Ai dole a jera su, tunda babu wanda ya sake tashi. Mama ta ce motarka ta ƙarshe ta fi tafiya da turin mutane a kan ƙarfin injinta."

"Uwarki tana goye a lokacin, me ta sani? Ke dai ba ki san yaran dilan nan ba. Su goge tanki da tsumma, su danna hon sau biyu, su ce miki an gama."

"Su goge ɗin. In injin ya buga su za su canza mini. Kai me za ka ba ni?"

"Albarka."

"Da albarka ake sayen fistin?"

"Kullum garanti, garanti! Ni da na auri kakarki wa ya ba ni garanti? Ga ta nan har yau tana aiki, sai dai ƙara ta yi yawa."

Daga cikin ɗaki muryar Kaka ta fito tar: "Ina jin ka!"

"Kin ji ƙarar da nake faɗa miki."

Mai Allura ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ta ɗago, tsoho ya riga ya zaɓi sifana ya kwanta a gefensa ɗaya, yana nishi. Ta durƙusa da sauri za ta riƙe hannunsa, sai ta tsaya cak.

Ba da ido yake neman notin ba, da yatsa yake lalube. Jan fentin yana nan ɓaro-ɓaro dab da hancinsa, amma ya wuce shi, ya je ya kama notin ƙafar da babur ke tsayuwa a kanta, ya ɗora sifana. Da ya sami ƙarfin murɗawa, babur ɗin a kansa zai kifo. Sai a lokacin ta tuna an daɗe rabon da wani ya kawo masa gyara, ko da na tocila ne. Tausayinsa ya kama ta. Amma ta san halinsa sarai: gara ka zage shi da ka tausaya masa.

"Tsoho, wannan notin kuma jini za ka ɗiba a ciki? Ƙafarsa ce fa ka kama."

Ya sake shafa notin, sannan ya janye sifanar a hankali.

"Na sani. Gwada ki nake, in ga ko kin san kayanki."

"To na ci jarrabawa?"

"Da ƙyar. Irin cin da kika yi a makarantar allura."

"Na gode. Tashi ka sa hula, tare za mu."

"Ina?"

"Wurin dila. Ba kai ka ce ɓarayi ba ne? Ni ban san baƙin mai na kirki ba, ko ruwan kwata suka zuba mini godiya zan yi. Ka tsaya a kansu, ka sa yatsa ka taɓa, ka shinshina, ka yi musu masifar nan taka."

"Ni? In hau bayan mace a tsakiyar unguwa?"

"Ai a bayan mace ka fara tafiya a duniya, kuma ba ka yi gardama ba."

Tsoho ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi, ya kaɗe rigarsa, ya zaɓi ƙaramar sifana ya jefa a aljihu, wai don yaran su san da wa suke magana. Ta tayar da babur, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau, ya damƙe kafaɗunta da hannu biyu.

"Amarya."

"Na'am, Angona."

"Ki tafi a hankali. Ni nawa garantin ya daɗe da ƙarewa."