Alhaji Gide Ya Duba Haƙoran Mota

"Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ke ya gajiyar gudun miji? Wata uku ban ga ƙeyarki ba."

"Mijin da ko goro sai an daka mashi? Wa zai zauna mashi?"

Haka na iske su da hantsi a ƙofar gidan Alhaji Gide a Yankara. Mai maganar jikarshi ce, Hamida, wadda ke aikin karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti wajen Tafoki. Ni, Sanusi, maƙwabcinshi ne, kuma na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe mashi igiya a kara, zamanin da yake dillancin shanu.

Motoci biyu ne a gindin dalbejiya, irin ƙananan jif ɗin nan masu ɗan tsayi daga ƙasa. Ɗaya fara fat tana sheƙi, ɗaya ruwan toka da ɗan lotsawa a ƙofar baya. Daminar bara babur ɗin haya ya kada Hamida a kwazazzabo kan hanyar aiki, ta yi wata biyu da ɗauri a hannu. Tun daga nan ita da mijinta suke tarin kuɗin mota. Yau ɗaya za ta ɗauka a cikin biyun. Mai motocin, wani Sha'ibu daga Funtuwa, ya ce kafin la'asar zai juya da wadda ta bari, don akwai mai jira.

"To, mi ya kawo ki da garke haka?" in ji Alhaji.

"Zaɓa mani za ka yi. An ce da can kana da ido. Ban sani ba ko ya rage."

"Idon da ya ganki ran suna ya ce wannan za ta yi baki? Bai taɓa kuskure ba. Wanne ne namijin?"

"Mota ce, Alhaji, babu namiji."

"Duk mata? Shi ya sa kika kwaso su, ku haɗu ku cika mani kunne. Kama ni in tashi."

Ta kama shi ya miƙe, ya dogara sanda, ya zagaya motar toka sau ɗaya, a hankali, kamar yadda yake zagaya sa.

"An ce mani jif. Jif ɗin da na sani ta ɗan majalisa ce, sai an ɗaga kai ake ganin direba. Wannan yaye ta aka yi da wuri?"

"Haka ake yin ta. Ƙarama ce, ba ta shan mai kamar manyan, amma cikinta bai taɓa ƙasa."

"Kamar ke, ke nan. Ga gajarta ga tsallen tsiya. Mi take ci?"

"Fetur."

"Nawa take ci daga nan zuwa Faskari?"

Sha'ibu ya yi caraf ya ce, "Baba, ai ɗan kaɗan. Shaƙa kawai take yi."

"Ban tambaye ka ba, ɗana. Duk mai saniya cewa yake ba ta ci." Ya buga taya da sanda. "Wannan ƙafar ta sha ƙasa. Kuma dubi kala, kamar jakin da ya kwana a murhu. Ke yanzu a wannan za ki zo ɗaukar angonki?"

"Wa ya ce ɗaukar ka zan yi? But zan buɗe in saka ka tare da buhun masara."

"Buɗe in ga ɗakin nawa."

Ta buɗe bayan motar. Ya leƙa, ya auna da sanda, tsawo da faɗi, ya daɗe shina kallo.

"Buhu nawa?"

"Uku, in an kwantar da kujerun baya har biyar."

"Kujera na kwanciya?"

Ta ja wani abu, kujerar ta kife. Alhaji ya ja da baya ya ce, "Ikon Allah! Sanusi, zo ka gani, ta fi jikata ladabi, an taɓa ta sau ɗaya ta durƙusa." Sannan ya rage murya. "Mai naƙuda za ta miƙe a nan?"

"Har da mai riƙe ta."

"Uhm. Ramin ɓera." Ya tofar da yawu gefe.

Ya sa aka buɗe mashi gaba ya ga inji. Ya sa aka tada ta, ya kara kunne, ya ce tana tari kamar tsohon ladan. Ya ba ni sandar, ya dafa ƙasa da hannu biyu ya leƙa ƙarƙashinta, mu duka muna ce mashi ya yi hankali da gwiwa.

"Mi kake nema, tsoho? Nono?"

"Ina duba ko tana fitsarin kwance kamar yadda kika yi har shekara bakwai."

"Ƙarya ne wallahi! Malam Sanusi, ka ji sharri!"

Na ce ni ban ji komai ba. Ƙasan motar a bushe yake, babu ɗigon mai ko ɗaya, na gani shi ma ya gani.

"Da ƙafa nawa take ja?"

"Huɗu, in an shiga laka. Ita farar da biyu."

"Huɗu. Ɓarnar ƙafa. Ina haƙoranta?"

"Haƙora kuma?"

"Ta ina ake sanin shekarunta? Sa, baki ake buɗewa. Saniya, zoben ƙaho ake ƙirgawa. Ita fa?"

Hamida ta nuna mashi wasu lambobi a bayan sitiyari, ta ce wannan ke faɗin iya tafiyar da mota ta yi tun da aka ƙera ta. Ta toka ta yi tafiya mai yawa. Fara kuwa ko rabin haka ba ta yi ba, in ji lambar.

"Wa ke rubuta lambar?"

"Ita da kanta."

"Ba a iya sa ta ta yi ƙarya?"

Sha'ibu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, na'ura ce fa."

Alhaji ya sunkuya wajen ƙafar direba, ya shafa abin da ake takawa, birki da totur, ya murza da babban yatsa. Sannan ya wuce wajen farar ya yi mata haka nan. A nan ya ɗan daɗe. Ya shafa kujerar direba, ya shafa sitiyari. Da ya ɗago sai fuskarshi ta washe.

"Kai, masha Allah! Wannan ita ce mota. Dubi fari kamar nonon safe. Mene ne wannan gilashin a tsakiya?"

"Talabijin ɗin baya ce. In za ka ja da baya sai ta nuna maka abin da ke bayanka."

"Ido a ƙeya! Da ina da shi da ba ki sace mani ƙuli-ƙuli a aljihu ba kina ƙarama. Ɗana, Allah ya sa albarka, ka iya kiwo. Mota sai ka ce amarya."

Ya koma kan tabarma ya zauna, ya juya wa motar toka baya.

Ni dai na hango matsala, don na san abin da Hamida ba ta sani ba. A kara, in mai dabba na tsaye, Alhaji Gide bai taɓa yabon abin da yake so. Bijimin da ya yi mashi, shi zai kushe tun daga kofato har ƙaho, don kada mai shi ya ji daɗi ya ƙi ragi. Wanda bai yi mashi ba kuwa, sai ya sa mashi albarka ya wuce, a rabu lafiya. Duk dillalin kara ya san haka. Amma Hamida a asibiti ta yi wayo, Sha'ibu kuma a garejin Funtuwa.

"To alhamdu lillahi," in ji Hamida. "Dama ita raina ya fi so. Malam Sha'ibu, ba ni makullin farar."

Alhaji ya yi tari. "Wacce?"

"Wadda ka yaba mana. Yau dai ka yi abin kirki sau ɗaya, sai in rubuta ranar."

"Ke da gaggawa kamar an kira ki haihuwa. Zauna ki sha fura."

"La'asar na zuwa."

"Fari yana da wuyar wanki. Ke kuma ƙazama ce."

"Zan riƙa kawo maka kana wankewa, ka ci abincinka da dalili."

"A wannan zamani, a hanyar daji, mutum bai son abin da ke ɗaukar ido daga nesa."

Ta ce, "Da rana nake tafiya, kuma ba ni kaɗai ba. Kai dai ka ce mota ce, ko ka janye?"

Ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya dubi Sha'ibu ya ce, "Ɗana, ba ka zagaya ka yi alwala ba? Ga buta can cikin zaure."

"Da alwalata, Baba."

"Ka ƙara wata. Lada ce."

"Sai an gama dai, Baba."

Hamida ta karɓi makulli, ta buɗe jaka tana neman waya don ta kira mijinta ya tura kuɗi. Alhaji ya damƙe sandarshi har jijiyoyin hannu suka tashi. Shekara talatin ban taɓa ganin shi a irin wannan matsi ba.

"Ke! Aje wayar nan."

"Mi kuma?"

"Farar nan tsohuwa ce, ta girmi kakarki. An kankare mata ƙaho."

"Alhaji, ka fara ruɗewa ko? Yanzu ka ce amarya."

"Je ki taɓa abin birkin. Robar ta cinye har ƙarfe ya fito. Kujerar direba ta lotsa kamar turmi, sitiyari ya yi santsi kamar ƙotar fartanya. Ƙafar mutum nawa ta ci robar nan a 'yar tafiyar da lambar ta faɗa? Masu kawo tsohuwar saniya kara haka suke yi, su kankare zoben ƙaho da kwalba su shafa mai. Amma ba su iya mayar mata da haƙori."

Ta je ta sunkuya ta taɓa. Ta je ta taɓa na tokar. Ta dawo a hankali.

"To ita tokar da ka zage tas?"

Ya rufe ido kamar mai haɗiyar maɗaci. "Lafiyarta lau. Lambarta da robarta bakinsu ɗaya. Ƙasanta a bushe, numfashinta daidai, ƙafa huɗu. Ita za ta fid da ke daga kwazazzabon Tafoki. Shi ke nan, na faɗa, a gaban mai kaya. Allah ya isa tsakanina da ke."

"To don mi ba ka faɗa tun farko ba?"

"Wa ke yabon sa a gaban mai shi? Wace irin jika ce wannan, an haife ta a gidan dillali ba ta san kushe ba?"

"Ni ina na sani? Tun da aka haife ni kake zagina, na ɗauka halinka ne."

"To da ba ki yi mani ba, da albarka zan sa maki in wuce."

Hamida ta mayar da wayar cikin jaka.

Sha'ibu kuwa ya gyara hula ya ce, "To tun da Baba da kanshi ya yaba, ragin da muka yi magana a hanya, gaskiya albarka."

"Kin gani?" in ji Alhaji. "Kin ga abin da yabo ke jawowa? Matso nan, ɗana. Zauna."

Sha'ibu ya tsuguna.

"Kai ka taɓa lambar farar?"

"Wallahi Baba haka na saye ta."

"Na yarda, kai ma an yi maka. To ni tsoho ne, ba ni da aiki sai zama a bakin kasuwa, kuma direbobin Sabuwa da na Ƙanƙara duk nan suke tsayawa gaishe ni. In sun tambaye ni labarin wani Sha'ibu na Funtuwa, mi kake so in ce? Mai sauƙin ciniki, ko mai farar mota?"

Sha'ibu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Baba, na sallama. Yadda muka yi da Hajiya a hanya, haka nan. Farar kuma bakanike zai duba ta kafin in nuna wa kowa."

"Ka ƙara da tayar baya guda, waccan ta gaji."

"Baba!"

"Ba ni na ce ka ƙi alwala ba."

Aka yi musayar makulli. Alhaji ya aike ni zaure, ya ce in duba bayan ƙofa. Tsohuwar igiyarshi ta kara ce a rataye, mai kauri, ta yi baƙi don riƙo. Ya miƙa wa Hamida.

"Ungo. Sa a but. Ranar da kika kafe a laka, ki nemi mai shanun huɗa ya ja ki."

"Kai ka ce ba ta kafewa."

"Motar na yaba, ban yabi direba ba."

Ta karɓa da hannu biyu tana dariya, ta buɗe mashi ƙofar gaba. "Na bar maka yau, tsoho. Shigo in zagaya da kai kasuwa, a ga na fito da miji."

"Ki tafi a hankali," in ji shi, shina neman inda zai sa ƙafa. "Kuma in mun iso rumfar dillalai kada ki ce masu na yaba."