Mai Gida Ɗan Haya

Wani ne ya gaji gida mai ɗaki huɗu. Yana zaune lafiya da matarsa har ranar da ya je aski, ya ji mai askin yana cewa kuɗin haya ya haukace a unguwar, ko akurkin kaza mutum ya sa a kasuwa sai an yi masa layi.

Bai tsaya an ƙarasa askin ba, ya taho gida da rabin kai. Kafin sati ya zagayo ya zuba 'yan haya: tela a ɗaki ɗaya, direba a ɗaya, malamin makaranta a ɗaya. Da kuɗi suka shiga aljihu sai ya tsaya a tsakar gida yana ƙare wa ɗakin kwanansu kallo.

Matar ta ce, "Malam, wannan kallon fa?"

Ya ce ai wannan ɗakin ma asara ce, barci kawai ake yi a cikinsa, barci kuwa ko'ina ana yinsa. Ya ba wani mai gyaran waya, ya kwashi matar da tukwanenta suka kama ciki da falo a bayan layi, a gidan wani mai sayar da katako.

Ba a jima ba mai katako ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce haya ta ƙaru, kasuwa ce ta motsa. Mutumin ya sa takalmi ya je gidansa, ya ƙara wa su tela. Tela kuwa ba ya riƙe magana, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labari. Labari ya kai kunnen mai katako, ya ce ashe a layin gaba an ƙara, shi ma ya ƙara. Mutumin ya koma ya ƙara. Mai katako ya ji, ya ƙara.

Haka suka yi ta yi. Direba ya koma kwana a mota. Nama ya ɓace daga miyar mutumin, fanka ta bi, katifa ta bi fanka.

Matar ta gaji da tabarma ta ce, "Malam, mu koma gidanmu mana."

Ya ce, "Wane gidan? Kin san nawa ake haya a can yanzu? Ya fi ƙarfinmu."

Da aka sake yin ƙari sai haƙurinsa ya ƙare. Ya sami mai katako a shago yana auna falanki, ya ce yau sai ya gaya masa wanda ke tayar da farashin nan, don ya je ya ci kwalarsa.

Mai katako ya ce, "Wallahi ba laifina ba ne. Wani marar imani ne a layin gaba, gidan da tela yake. Duk sanda ya ƙara, dole in bi."

Mutumin ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Na san shi. Bar ni da shi, zan yi masa magana."

Mai katako ya ce, "Kana ganin zai rage?"

Ya ce, "Da wuya. Shi ma mai gidansa azzalumi ne."